Zauren Iyali: Yaro Da Keke Da Iskar Gabas

 Cikin wasiƙun da suka iso mini bayan fitowar da ta gabata akwai ta wata baiwar Allah daga Damagaram, uwar ƴaƴa biyar, wadda ta ce ɗanta mai shekara 16 ya hana ta sakat da maganar shiga ƙungiyar masu tseren keke. Mahaifinsa yana can Agadas wajen neman abinci, hukunci ya rage a hannunta. Ita kuwa abin da take hange shi ne manyan motoci a kan kwalta, da yaron da ya kamata a ce yana zaune yana bitar karatunsa. Ta rufe wasiƙar da tambaya ɗaya: "Malam, in bar shi ko in hana shi?"

Ƴar'uwa, da a ce shekara uku da suka wuce kika yi mini wannan tambaya, da amsata ba za ta wuce kalma biyu ba: hana shi. Domin abin da na yi ke nan a gidana, a nan Maraɗi. Amma tun daga lokacin na ga wasu abubuwa da idona, kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka ki yi haƙuri in ba ki labarina tukuna, sannan in ba ki shawarata.

Ɗana na uku yana da shekara 16 sa'ad da wani maƙwabcina mai tuƙin babbar mota ya tare ni a ƙofar gida, ya ce, "Malam, ka ja wa yaronka kunne. Jiya da safe na hango shi ta madubi a hanyar Tibiri, ya manne wa bayan motata a kan keke, tsakaninsa da ƙarfe bai fi kamu biyu ba. Da na taka birki da yanzu ana zaman makoki." Ashe su huɗu ne ƴan unguwa, kullum bayan sallar asuba sai su fice, su jira tirela ta zo wucewa su bi bayanta, wanda ya fi daɗewa bai saki ba shi ne gwani. Ranar nan ban yi dogon magana ba. Na ɗauke keken, na ɗaure shi da sarƙa a ɗakin ajiyar hatsi, na sa makulli a aljihu.

Mako uku yaron yana gaishe ni da ladabi, yana cin abinci, yana zuwa makaranta, amma kowa ya dube shi ya san an cire masa wani abu. Uwarsa ce ta fara ce mini, "Malam, ka ɗaure keke, amma ba ka ɗaure abin da yake kai shi kan hanya ba. Ranar da ya samu aron na wani, komawa zai yi." Ban amsa mata ba, don na san gaskiya ta faɗa.

Ana nan sai wani dattijo ya yi mini sallama da yamma. Mai gyaran kekuna ne a bakin kasuwa, ya haura shekara 60, siriri kamar kara, kuma a ƙuruciyarsa ya yi tsere. Shi yake horar da ƴar ƙungiyar masu keke ta garin, mutum ashirin da ƴan kai: ɗalibai, da tela ɗaya, da masu kabu-kabu biyu, da wani ma'aikacin gidan likita, babu wanda ake biya ko dala. Ya ce ya ji abin da ya faru, kuma na yi daidai da na karɓe keken. Sannan ya ce, "Alhaji, abin da ɗanka yake nema a bayan tirela, mu ma shi muke nema, amma a bayan junanmu. Ka zo ranar Lahadi ka hau bayan babur ɗina ka gani. In bai yi maka ba, ba zan sake tako ƙofar gidanka da maganar ba."

Ranar Lahadi ƙarfe shida da rabi na safe muka kama babbar hanyar da ta nufi gabas, wajen Cadawa. Lokacin hunturu ne, iska tana kaɗawa da ƙura daga arewa maso gabas. Ni a zatona zan ga yara sun watse a kan kwalta kowa yana neman wuce ɗan'uwansa. Abin da na gani ya saɓa wa haka. Sun jeru a layi kamar ayarin raƙuma, tayar kowa tana bin tayar na gabansa, tsakaninsu bai fi taƙi biyu ba. Na gaba zai ja su kamar rabin minti ko minti ɗaya, sai ya ɗan motsa gwiwar hannu, ya ratse gefe, ya bar layin ya wuce shi, ya koma can ƙarshe. Na biyu ya zama na ɗaya. Haka suka yi ta juyawa har tsawon awa guda, ba hayaniya, ba wanda ya kauce wa tsari. In na gaba ya ga rami sai ya nuna shi da yatsa, na bayansa ya nuna wa na bayansa, har saƙon ya kai ƙarshen layi. In amalanke ce ko jaki a gefen hanya, sai ya kai hannu bayansa ya kaɗa, kowa ya karkata.

Da muka tsaya shan ruwa dattijon ya yi mini bayani, daga baya kuma na bincika na tarar haka abin yake. Babban abokin gabar mai keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya irin tamu ita ce iska. Idan gudu ya kai kilomita 35 zuwa 40 a awa, kashi takwas ko tara cikin goma na ƙarfin da mahayi yake kashewa wajen keta iska yake tafiya. Kuma turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu: in ka ninka gudunka biyu, ita sai ta ninka huɗu. To amma wanda ya lafe a bayan wani yana samun sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar, domin na gaba ya riga ya tsaga masa hanya. Ke nan mutum takwas da suke karɓa-karɓa, kowannensu minti ɗaya yake shan iska, ya huta minti bakwai. Shi ya sa matsakaitan mahaya takwas da suka haɗa kai suke kamo gwani ɗaya da ya tsere shi kaɗai, ko da ya ba su rata mai yawa. Wannan mafakar ita ce yaranmu suke nema a bayan tirela. Bambancin shi ne direban tirela bai san da su ba, kuma in ya taka birki babu wanda zai nuna musu da yatsa.

Akwai kuma dabarar iskar gefe, wadda hunturunmu yake koya wa mahayi ko yana so ko ba ya so. Idan iska ta bugo daga hagu, mafaka ba ta bayan na gaba sosai, tana bayansa ta ɓangaren dama. Sai layin ya karkace, kowa ya ɗan zame dama da na gabansa, kamar yadda tsuntsaye suke jeruwa a sama. A gasar da aka rufe hanya, irin wannan layi yakan cinye faɗin kwalta duka, wanda bai samu gurbi ba kuma iska ta cinye shi. Amma a ranar horo hanya a buɗe take ga motoci, saboda haka dattijon yakan raba su huɗu-huɗu, kuma dokarsa ita ce duk wanda tayarsa ta ƙetare tsakiyar hanya ya sauka ya koma gida. Na ga ya zartar da ita a kan wani babban mutum mai iyali, shi kuwa ya juya ba tare da musu ba.

Da yamma na kwance keken. Sharaɗina uku ne: hular kwano a kai kullum, ba fita sai tare da ƙungiya, kuma takardar sakamakon makaranta in ta yi ƙasa keke ya koma ɗakin hatsi. Da na gaya wa dattijon sai ya yi dariya, ya ce sharaɗi na ukun nasa ne tun kafin in zo: duk ƙarshen zangon karatu yakan karɓi takardun ɗalibansa ya duba.

Keken da yaron yake da shi na zuwa makaranta ne, mai nauyi, don haka bayan wata huɗu, da na ga ya dage, muka sayi na tsere, gwanjon Turai, a kan jika 90, ya biya kashi ɗaya cikin uku da kuɗin da ya tara a hutun damina. Nauyinsa kilo 11. Kekunan manyan ƴan tseren duniya doka ta hana su gaza kilo 6.8, kuma kuɗin ɗaya yakan kai miliyoyin sefa. Kada wannan ya tsorata iyaye. A hanya marar tudu nauyin keke ba shi ne yake raba gardama ba. Lafiyayyen birki, da taya mai kyau, da sirdin da aka daidaita da tsawon ƙafar yaro sun fi komai.

A watannin farko abin da aka fi koya masa shi ne haƙuri da giya. Yaro yana son babbar giya, ya riƙa dannawa da ƙarfi don a ce masa jarumi, kafin rabin awa cinyoyinsa sun mutu, gwiwa kuma ta fara ciwo. Dattijon ya zaunar da su a ƙasa ya yi musu lissafi da tsinke. Tayar keken tsere in ta juya sau ɗaya takan ci kimanin mita 2.1. In sarƙa tana kan farantin gaba mai haƙora 50 da na baya mai haƙora 15, kowane zagayen feda yana juya taya sau uku da sulusi, wato mita bakwai ke nan. Mai juya feda sau 90 a minti zai ci mita 630 a minti, kusan kilomita 38 a awa, ba tare da ya yi nishi kamar mai ɗaukar buhu ba. Ɗana, wanda malamin lissafi ya sha kawo mini ƙararsa, ya dawo gida ya cika shafi biyu da lissafin sauran giyoyinsa.

Yanzu kuma ga laifina, domin bai kamata in ba da labarin kuskuren yaro in ɓoye nawa ba.

A watan Disamba aka shirya tsere tsakanin ƙungiyarsu da baƙi daga wasu garuruwa biyu, daga Maraɗi zuwa wajen Cadawa a dawo, kimanin kilomita 80, jandarmomi a gaba da baya. Mahaya sun haura talatin. Daren ranar yaron ya gaya mini cewa an ba shi aiki: zai tsaya kusa da wani abokinsu, ɗan tela, wanda ya fi su saurin ƙarshe, ya riƙa tare masa iska, in ƙishirwa ta kama shi ya miƙa masa gora. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni ban zuba jika 60 don ka zama bawan wani ba. Kana da ƙafa kamar kowa. In an tashi ka yi gaba, kowa tasa ta fisshe shi." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Ya kuwa bi maganata. Ba a ci kilomita goma ba ya fice daga cikin taro ya yi gaba shi kaɗai, fuskarsa cikin iskar gabas. Ina bayan babur ina jin daɗi, ina cewa ga ɗana can a gaba. Dattijon bai ce uffan ba. Sauran mahayan ma ba su damu ba, suka bar shi yana lilo a gabansu da ratar mita ɗari uku, suna ta karɓa-karɓarsu. Kafin a kai wurin juyawa sun kamo shi, kuma da suka zo wucewa ko bayansu ya kasa kamawa. A kilomita na 55 muka same shi a gindin wata bedi, keke a kwance, jikinsa yana rawa, ya manta da cin dabinon da yake aljihunsa. A motar da take kwasar waɗanda suka gaza ya dawo gari. Ɗan telan kuma, da ya rasa mai tare masa iska, ya zo na shida, baƙi suka tafi da kyauta.

A hanyar gida dattijon ya ce mini, cikin ladabi, "Alhaji, sauri ya haifi nawa. Yaron nan yana da ƙarfi, amma ƙarfi kamar kuɗin cefane ne, in ka kashe shi da safe da me za ka ci tuwon dare?" Na gane maganar ba da yaron yake ba. Da daddare na kira ɗana na ce masa ni na ɓatar da shi, daga yau a kan keke maganar malaminsa ce gaba da tawa.

Bayan wata biyu aka sake haɗuwa a hanyar nan. A dawowa, saura kilomita 20, baƙi uku suka tsere, ratarsu ta kai kusan minti ɗaya. Sai na ga ɗana da wani mai kabu-kabu sun fito gaban taro, suna karɓa wa juna, kai a sunkuye, ɗan telan yana lafe a bayansu bai ko buɗe baki ba. Kilomita 15 suka yi a haka. Ratar ta dawo daƙiƙa 40, ta dawo 20, har aka haɗiye mutum ukun ana hango gari. Daga nan ɗana ya ratse gefe, ƙarfinsa ya ƙare, taro ya wuce shi. Ɗan telan ya fito a mita 200 na ƙarshe ya ci da ratar rabin taya.

Ɗana ya iso na 17. Ya jingine keke, ya zo wurina yana haki, gishirin gumi ya yi fari a fuskarsa, ya ce, "Baba, mun ci." Na ce, "Ai kai na 17 ka zo." Ya ce, "Mun ci, Baba." Kyautar jika 30 ce da buhun shinkafa. A kan tabarma a rumfar dattijon aka raba ta kashi bakwai daidai: mahaya shida, har da wanda tayarsa ta fashe tun a kilomita na 12, da yaron shago da ya kwana yana ɗaure musu wayoyin taya.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan al'adar ƙananan ƙungiyoyi ce kawai. Haka abin yake har a ƙololuwar wasan. Babbar gasar zagayen Faransa, wadda aka fara a 1903, ana yin ta mako uku, zango 21, fiye da kilomita 3,000, kuma tun 2018 kowace ƙungiya mutum takwas take shigarwa. A mafi yawan ƙungiyoyin mutum ɗaya ko biyu ake nema wa nasara, sauran aikinsu shan iska da ɗauko ruwa. In tayar jagoransu ta fashe, wani yakan ba shi tasa ko kekensa ya tsaya a gefen hanya. Tsohuwar al'ada ce kuma a haɗa kuɗin kyauta a raba wa ƴan ƙungiya da ma'aikatanta. Biniyam Girmay na ƙasar Eritiriya, wanda ya taso cikin tseren matasa na birnin Asmara, ya ci babbar gasar Gent-Wevelgem a Beljiyam a 2022, sannan a 2024 ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zango a gasar Faransa. Zango uku ya ci a shekarar, ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki. Duk wanda ya kalli yadda ya ci ya ga abokansa suna jan sa har kusa da layi kafin ya fito. A nan maƙwabta, Burkina Faso tana gudanar da gasar zagayen ƙasarta tun 1987, kuma ƴan ƙasar sun sha cin ta a gaban baƙi daga Turai, domin a Wagadugu keke abin hawan kowa ne kuma ƙananan ƙungiyoyi suna da yawa. A watan Satumba na 2025 kuma aka yi gasar duniya ta tseren keke a Kigali, babban birnin Ruwanda, karo na farko a nahiyar Afirka.

Na kawo waɗannan ne don a san wasan yana da asali, ba don in sa wa wani yaro dogon buri ba. Cikin dubban masu tsere, ƙalilan ne suke cin abinci da shi. Duk ƙungiyar da ta ce wa ɗanki ya bar makaranta za ta kai shi Turai, ki kama hannunsa ku fito.

To, ƴar'uwa, tsoronki fa? Yana da tushe, kuma ba zan rage masa komai ba. Haɗarin wasan nan iri uku ne.

Na farko faɗuwa. Duk mai tsere zai faɗi, ko ba jima ko ba daɗe. Ɗana ya faɗi a shekararsa ta biyu, da tayarsa ta gaba ta goga ta bayan wani. Fatar kafaɗa da ta cinya suka saluɓe, hular kwanon ta tsage biyu. Na ajiye hular nan a ɗakina, duk yaron da ya ce mini hula tana sa zafi sai in ɗauko in nuna masa. Manyan ƴan tsere ma sun daɗe suna ƙin ta, sai da Andrei Kivilev ɗan ƙasar Kazakistan ya faɗi ba hula a gasar Paris-Nice a watan Maris na 2003 ya rasu, sannan hukumar tseren keke ta duniya ta wajabta ta a shekarar. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi kuma ta gama aiki, ko da ba a ga tsaga ba, sai a sake wata.

Na biyu zafi da ƙishirwa da yunwa. A watan Afrilu da Mayu zafin garuruwanmu yakan wuce digiri 40, saboda haka ƙungiyar kirki takan fita da sassafe ta dawo kafin rana ta take. Mahayi yana buƙatar rabin lita zuwa lita guda ta ruwa a kowace awa, yana kurɓa tun kafin ya ji ƙishi, da ɗan gishiri da sukari a ɗaya daga cikin gorunansa. Abin da jiki ya tanada na sukari kuma ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai tsanani. Bayan nan, in ba a ci wani abu ba, sai ƙafa ta mutu, ido ya yi duhu, kamar yadda ya faru da ɗana a gindin bedi. Dabino da ayaba sun isa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A watan azumi ƙungiyarsu ba ta shiga tsere. Ɗan zagaye marar nauyi suke yi dab da faɗuwar rana, su iso gida a kan shan ruwa.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, wato ƙwaya. Kowa ya san yadda tramol ya shiga cikin matasanmu, musamman masu aikin ƙarfi, kuma wasan keke yana da tsohon tabo a wannan fanni. A ranar 13 ga Yuli 1967 Tom Simpson ɗan Ingila ya faɗi ya rasu yana hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi a gasar Faransa, aka samu ƙwayoyin ƙara kuzari a jikinsa. Lance Armstrong na Amurka ya ci gasar sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, a 2012 aka ƙwace duka saboda amfani da haramtattun magunguna. Shi kansa tramol hukumar tseren keke ta duniya ta hana shi a lokacin gasa tun watan Maris na 2019, kuma a kansa aka soke sakamakon Nairo Quintana ɗan Kolombiya a gasar Faransa ta 2022. Ƙwayar tana danne ciwo, tana kawo jiri da gyangyaɗi. Ciwo kuwa shi ne ɗan aiken da jiki yake turowa ya ce a sassauta, mai jiri a tsakiyar mutum talatin da suke gudu taya na bin taya kuma ba kansa kaɗai zai kayar ba. Dattijonmu ya taɓa korar mahayin da ya fi kowa gudu a ƙungiyar saboda an ga fanko a aljihun rigarsa, ana saura mako ɗaya tsere. Sun sha kaye a tseren. Ranar ce na tabbatar ɗana yana hannu nagari.

Ga amsata ke nan. Kada ki yanke hukunci daga cikin ɗaki. Ki tura kawunsa ko baffansa, wanda kika yarda da hankalinsa, ya je ranar Lahadi ya bi su a kan babur tun daga fita har dawowa. Ya duba ko akwai babba mai faɗa a ji a tare da su, ko kuwa yara ne suke jan yara. Ya duba ko kowa yana da hula, kuma me ake yi wa wanda ya zo babu. Ya tambaya ko ƙungiyar tana da rajista da hukumar tseren keke ta ƙasa, ko likita yana duba yaro kafin a karɓe shi, da kuma wanda yake ɗaukar nauyin magani in an faɗi. Ya tambaya ko ana raba su bisa shekaru, domin ɗan shekara 15 ko 16 ajinsa daban, tazararsa ma ba ta kai ta manya ba. Abin da ya fi duka kuma, ya lura da abin da suke yi idan ƙaramin cikinsu ya gaji ya rage a baya, ko tayarsa ta fashe a daji. In sun wuce sun bar shi, ki hana ɗanki, ko da kofunansu sun cika ɗaki. In kuwa wani ya rage gudu ya koma ya jawo shi a bayansa har cikin layi, to ki bar shi ya shiga, ki kafa masa sharuɗɗanki, ki saya masa hula kafin ki saya masa riga.

Kuma ki tuna maganar uwar ƴaƴana: yaron da yake son gudu zai yi gudu, ko da izininmu ko babu. Abin da yake hannunmu shi ne zaɓen wanda zai bi a baya, direban da bai san da shi ba ko ɗan'uwan da zai nuna masa rami.

Ɗana yanzu yana shirin jarrabawar bakaloreya, ya rage fita zuwa sau biyu a mako. Har yau bai taɓa zuwa na ɗaya ba, kuma na daina tambayarsa na nawa ya zo. Ranar Lahadin da ta wuce na ga an ba shi sababbin yara uku, yana gaba suna biye, yana nuna musu ramuka da yatsa.

Allah ya tsare mana ƴaƴanmu a kan hanya, ya shirya mana su. Masu tambaya ko ƙarin bayani su ci gaba da aiko da wasiƙunsu kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.